Harajin da Amurka ta lafta wa gadajen China, wa yake biya?

Mutane da yawa in sun ji an ce Amurka ta ƙara wa kayan China kuɗin fito sai su ɗauka gwamnatin China ce za ta zaro kuɗi ta biya, to ba haka abin yake ba. Ɗan kasuwan da ya shigo da kwantenar shi ke biyan kwastam, shi kuma ya ɗora wa mai saye.

A 2003 wasu kamfanonin kayan katako na Amurka, John Bassett III na jihar Bajiniya yana kan gaba, suka kai ƙara cewa 'yan China na karya musu kasuwa, suna sayar da gado da wadurob da durowa ƙasa da ainihin kuɗinsu. Dokar Amurka ta ce sai hukumomi biyu sun yarda, ma'aikatar kasuwanci ta lissafa nawa aka karya farashin, wata hukumar kuma ta tabbatar lallai masana'antun gida sun cutu. A Janairun 2005 aka tabbatar da harajin, kuma kayan ɗakin kwana kaɗai ya shafa, banda kujeru da teburin cin abinci da katifa. Ba kuɗi ɗaya aka yanka wa kowa ba, yawancin kamfanonin China da suka ba hukumomin haɗin kai wajen kashi 7 cikin ɗari aka sa musu, sauran kuwa kashi 198.

Inda abin ya fi damuna shi ne, abin da mai shigo da kaya ya biya a tashar jirgin ruwa kafin alƙalami ne kawai, domin ana iya sake bitar lissafin duk shekara, in aka ɗaga kason kamfanin da ka saro kaya a wurinsa sai a aiko maka takardar ciko alhali gadajen ka sayar da su tuni, kuɗin ma ka juya su. Babban dila zai iya shanyewa, ƙarami kam wallahi karyewa zai yi.

To aikin ya dawo Amurka? Kaɗan ne ya tsira, kamfanin John Bassett ɗin, wato Vaughan-Bassett, dai ya ci gaba da aiki a garin Galax amma masana'antu da dama sun rufe duk da haka. Masu kuɗin Taiwan da China suka kwashe injinansu zuwa Biyetnam inda harajin bai kai ba. Da aka ƙara wani sabon kashi 10 a 2018, ya koma 25 a 2019 a kan kayan ɗaki na China, sai ƙaurar ta ƙara ƙarfi.