Waiwaye: Yadda Barkwanci Ya Samu Gurbi a Harsunan Kwamfuta

A shekarar 2017, Mark Nottingham, wanda a lokacin yake shugabantar kwamitin kula da ƙa'idar HTTP da shafukan intanet ke amfani da ita, ya nemi a cire lamba 418, ɗaya daga cikin lambobin da shafi ke mayarwa a matsayin amsa, daga wasu manyan manhajoji. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin lambar ba ta cikin ainihin ƙa'idar. Larry Masinter ne ya ƙirƙiro ta ranar 1 ga Afrilu, 1998, cikin wata takardar barkwanci, kuma ma'anarta ita ce "ni butar shayi ce", wato amsar da buta za ta bayar idan aka ce ta dafa kofi. Masu rubuta manhaja suka yi masa ca. A ƙarshe shi da kansa ya kawo shawarar a keɓe lambar, kada a taɓa ba ta wani aiki. Wanda bai san tarihin sana'ar ba zai yi mamakin wannan hayaniya a kan buta, amma raha ta girmi yawancin harsunan da ake rubutu da su yau.

Tun a 1947, ma'aikatan kwamfutar Mark II a Jami'ar Harvard, inda Grace Hopper ke aiki, suka tsinci wani ƙwaro mai fukafukai ya maƙale a cikin na'urar. A Turanci, injiniyoyi sun daɗe suna kiran matsalar na'ura da sunan ƙwaro, tun zamanin Thomas Edison. Sai ma'aikatan suka liƙa gawar a littafin aikinsu, suka rubuta cewa yau dai an kama na gaske. Daga baya wasan ya koma wajen raɗin suna. Sunan Unix, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, shaguɓe ne ga Multics, babban aikin da Bell Labs ya janye daga cikinsa a 1969. A harshen C, alamar ++ tana nufin a ƙara ɗaya, don haka C++ na Bjarne Stroustrup, wanda ya samu sunan a 1983, yana cewa ne shi C ne da ɗan ƙari.

Inda abin ya fi burge ni shi ne lokacin da barkwanci ya zama hanyar yin gardama. A 1972, ɗalibai biyu a Jami'ar Princeton, Don Woods da James Lyon, suka tsara harshen INTERCAL da niyyar kada ya yi kama da kowane harshe. A cikinsa akwai kalmar PLEASE, wato don Allah. Idan ba ka yawaita ta ba, manhajar da ke fassara rubutunka za ta ƙi aiki, ta ce ba ka da ladabi. Idan ka cika ta, ta ce ladabin ya yi yawa. Duk wanda ya taɓa kwana yana neman waƙafi ɗaya da ya hana aikinsa tafiya ya san wa ake yi wa habaici: masu tsara harsuna da ke ɗora dokoki ba tare da tunanin mutumin da zai bi su ba. Haka nan bayan Edsger Dijkstra ya yi suka mai zafi ga umarnin GOTO a 1968, saboda yana sa rubutu ya riƙa tsalle nan da can har ya rikice, sai R. Lawrence Clark ya fito a 1973 da nasa maganin, COME FROM. Maimakon ka ce je can, sai can ɗin ya janyo ka ba tare da sanarwa ba. Ya fi na farkon muni nesa ba kusa ba, kuma da gangan ne, don ya nuna cewa sauya kalma ba ya gyara tunanin da ya hargitse.

Wani lokacin kuma wasan ne ke tabbatar da ingancin aiki. A 1990 David Waitzman ya rubuta yadda za a aika bayanan intanet ta hanyar tattabaru. A 2001 wasu masu amfani da Linux a Bergen, ƙasar Norway, suka gwada da gaske: suka aika saƙo 9, amsar 4 ta dawo. An yi dariya, amma an ga a fili cewa ƙa'idar intanet ba ta damu da abin da ya ɗauko saƙo ba, waya ce ko tsuntsu.

Harshen Python ne ya shigo da wannan ɗabi'a ajin 'yan koyo. Guido van Rossum ya fara shi a hutun ƙarshen 1989, ya ɗauko sunan daga shirin barkwancin Birtaniya na Monty Python, ba daga mesa ba kamar yadda tambarinsa ke sa mutane zato. Ka rubuta import this, sai ga jimloli 19 na Tim Peters, rabi raha rabi nasiha, waɗanda har yau ake kafa hujja da su idan ana muhawara kan yadda harshen zai ci gaba.

Sai dai ba kowace raha ce ke yi wa kowa daɗi ba. Shekara da shekaru, mai koyon harshen PHP da ya yi ɗan kuskure yakan ci karo da saƙon da ke ambaton T_PAAMAYIM_NEKUDOTAYIM. Kalmomin Ibrananci ne masu nufin alamar ::, waɗanda injiniyoyi biyu 'yan Isra'ila da suka sake gina cikin harshen suka sa. Tsofaffin hannu suna son sunan, sun ɗauke shi tamkar tambarin gida. Ɗan koyo kuwa, da ya riga ya gaji, sai ya ɗauka shi ne bai da kai. A nan ina bayan ɗan koyo, domin saƙon kuskure nasa ne, an rubuta shi ne don ya fitar da shi daga duhu. Sai a PHP 8, wanda ya fito a 2020, aka daina nuna sunan a irin wannan saƙo, ko da yake yana nan a cikin harshen ga mai son ya leƙa.