Waiwaye: yadda karatun addini na manya ya faro a cocin Katolika, da inda aka kwana a Arewa

Duk wanda ya tashi a cocin Katolika a Arewa ya san yadda abin ke tafiya. Yaro zai shiga ajin katikizim, wato ajin koyon tushen addini, yana ɗan shekara bakwai ko takwas, ya haddace tambaya da amsa, ya karɓi Jibin Ubangiji na farko, bayan wasu 'yan shekaru Bishop ya zo ya shafa masa mai a goshi, a ɗauki hoto a ci shinkafa, to daga ranan karatu ya ƙare. Sai ka ga mutum ya kai shekara hamsin, digirinsa biyu, shi ne ma shugaban kwamitin gini a farish, amma saninsa na addini yana nan daram inda ya bar shi tun yana aji biyu a sakandare. Da yawanmu mun ɗauka haka abin yake tun fil azal, alhali a farkon Ikilisiya manya ake zaunarwa a koya wa, yara daga baya suka shigo lissafi.

A ƙarni na uku da na huɗu idan babba ya zo yana neman baftisma ba a yi masa nan take. Sai wani da ya san shi ya tsaya masa, sannan a tambayi sana'arsa, in mai sassaƙa gumaka ne ko boka ko irin masu faɗan takobi a filin wasa sai ya bari tukuna ko a sallame shi. Karatun kan kai shekara 3 a wasu wurare, kuma duk tsawon lokacin nan in an zo Mas, wato babbar sujadar coci, ana gama wa'azi za a ce su fita, ba sa ganin sauran. Kwana 40 na azumi kafin Ista shi ne zangon ƙarshe, a daren Ista a yi musu baftisma, satin da ke biye kuma Bishop da kansa ya zauna da su yana bayyana musu ma'anar abin da aka yi musu. Haka Bishop Siril na Urushalima ya riƙa yi wajajen shekara ta 350. A nan Afirka ma, wajajen 400, wani dikin, wato mataimakin Bishop a hidimar coci, a Kartaj, cikin Tunisiya ta yau, ya rubuta wa Agustin Bishop na Hippo yana kuka cewa shi fa in yana koyarwa har kansa yake gundura balle masu sauraro. Agustin ya ba shi amsa doguwa, a ciki har da cewa in ka ga mutum ya fara hamma ka ba shi wurin zama, ka ɗan sako abin da zai wartsake shi. Shekara 1600 ke nan, kuma har gobe akwai masu wa'azin da wannan shawara za ta yi wa amfani.

Abin da ya kashe tsarin shi ne yawa. Bayan Sarkin Rum Kwanstantin ya ba Kirista 'yanci a 313 mutane suka yi ta kwararowa, 'yan ƙarnuka kaɗan kusan kowa a Turai tun yana jariri ake masa baftisma, babu sauran manya masu jira, aji ya watse. Sai da rikicin su Martin Luta, wanda ya haifi Furotestan, ya taso aka farga cewa jama'a ba su san komai ba. Babban taron bishop-bishop na Tirent na 1545 zuwa 1563 ya sa aka fitar da babban katikizim a 1566, shi kuma don fadoci aka rubuta shi su riƙa koyar da mutane, ƙananan littattafan tambaya da amsa kuwa aka nufi yara da su. Irin waɗannan ƙananan ne 'yan mishan suka cuso a akwati suka taho da su.

Da suka iso Afirka sai suka tarar da irin halin da Ikilisiyar farko ta shiga, manya ne a gabansu, masu gemu da mata da 'ya'ya da abin da suka gada. Kadinal Labijeri na Aljas, wanda ya kafa ƙungiyar Fararen Fadoci a 1868, ya kafa wa mutanensa doka cewa babba sai ya yi shekara 4 yana koyo kafin a yi masa baftisma. A Yuganda cikin waɗanda Sarki Mwanga ya kashe a 1885 da 1886 akwai waɗanda sababbin shiga ne, wasu ma dab da kisan aka yi musu baftisma. Na farkonsu a ɓangaren Katolika shi ne Yusufu Mukasa, kuma sunansa ne aka sa wa makarantar horar da katikis, wato malaman koyar da addini, ta Malumfashi a jihar Katsina.

A wajenmu fadocin SMA, wato ƙungiyar 'yan mishan ta Afirka, sun sauka Lokoja a 1884, amma tashar da ta kafu a can cikin Arewa ita ce ta Shendam a 1907, inda Fada Oswald Waller da abokan tafiyarsa biyu suka zauna cikin Goemai. Turawan mulki sun riga sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, don haka ƙasashen sarakunan Musulunci a rufe suke ga 'yan mishan, sai dai Sabon Gari inda ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa daga Kudu suke. Shi ya sa cocin ya fi kama ƙasa a Filato da Kudancin Kaduna da Adamawa da Binuwai. A 1934 aka raba yankin mishan na Arewa gida biyu, Kaduna da Jos, fadocin Agustin daga Ailan suka shiga Adamawa a 1940, Dominikan daga Amurka suka karɓi ɓangaren Sakkwato da Gusau a shekarun 1950.

To Fada ɗaya ne a ƙasar da ta kai girman ƙananan hukumomi uku ko huɗu na yanzu, kan doki ko keke, daga baya babur, ƙauye ya yi wata uku bai gan shi ba, kuma harshen mutanen bai zauna a bakinsa ba. Wanda ya riƙe aikin shi ne katikis. Shi ne malamin makaranta da safe, da yamma in an dawo daga gona ya tara manya a gindin bishiya, ran Lahadi ya ja addu'a, shi ke zuwa wajen mara lafiya, shi ke binne gawa, in Fada ya zo shi ne tafinta kuma shi zai ce wane ya isa baftisma wane bai isa ba. Da yake kowane tsauni da yarensa sai Hausa ta zama harshen aji, mutanen da a gida Bajju ko Ngas ko Chamba suke yi, da Hausa suka haddace Ubanmu wanda ke cikin sama da Dokoki Goma. Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito tun 1932 amma aikin 'yan Furotestan ne, kuma a zamanin ba a cika ƙarfafa ɗan Katolika ya ɗauka ya karanta da kansa ba, wannan ya bar mana tabon da har yau 'yan'uwanmu na ECWA da COCIN suke mana tsiya da shi, wai mu sai rozari.

Akwai kuma waɗanda suka tsufa a ajin nan, su ne masu mata fiye da ɗaya. Dokar coci ita ce sai ka zaɓi ɗaya, mutum kuma ya dubi matar da ta haifa masa 'ya'ya shida ya ce ina zan kai ta, sai ya ci gaba da zuwa aji shekara da shekaru, ya fi katikis ɗin iya amsoshin, ba ya fashin Lahadi, shi ke ba da itacen rufin coci, amma baftisma sai yana kan gadon mutuwa. Matan ma haka, ta biyu da ta uku suna zaune a baya suna kallon 'ya'yan da suka haifa suna zuwa karɓar Jibi. Duk wanda ya fito ƙauye ya san irin waɗannan dattawa, kuma in gaskiya za a faɗa wasunsu sun fi masu katin baftisma riƙon addini.

Da makarantun mishan suka yawaita hankali ya koma kan yara kacokan, dabarar ita ce ka kama yaro a aji, iyaye sa biyo baya. Ta yi aiki ƙwarai, sai dai ta mai da addini kamar darasin firamare da ake ci a jarrabawa a wuce. Abubuwa biyu suka girgiza wannan tsari. Rikicin 1966 ya sa 'yan Kudu maso Gabas suka bar Arewa, coci-coci a Kano da Gusau da Sakkwato suka kusa zama wayam, dole fadoci suka juya wajen masu jin Hausa da ƙauyukan Maguzawa, nan kuma aikin katikis ne daga farko har ƙarshe. Sannan a shekarun 1970 gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan, allon da aka dogara da shi ya fita daga hannu.

Daidai wannan lokaci Roma ma tana juyawa. Babban taron bishop-bishop na Fatikan na biyu, 1962 zuwa 1965, ya ce a dawo da tsohon tsarin koyar da manya mataki-mataki, ya buɗe ƙofar yin Mas da harshen mutane, ya kuma ce a bar kowa ya kusanci Littafi Mai Tsarki. A 1972 aka fitar da tsarin shigar da manya, wanda a nan aka fi sani da RCIA, mai matakai tun daga tambaye-tambayen farko har baftisma a daren Ista da karatun bayanta. A 1979 Paparoma Yohanna Bulus na biyu ya rubuta ƙarara cewa koyar da manya shi ne babban nau'in katikizim, kuma da ya zo Kaduna a Fabrairun 1982 bayan naɗa fadoci ya yi wa katikis da ƙungiyoyin mata jawabi. A 1992 babban Katikizim na Ikilisiyar Katolika ya fito da sakin layi 2865, littafi ne na manya, amma a gidaje da yawa in ma akwai shi to yana cikin kabad tare da kwanukan baƙi.

Kan takarda dai an gama magana tuntuni. A ƙasa kuwa abin da ya ci gaba da koyar da manya ƙungiyoyi ne, kuma a gaba-gaba Zumuntar Mata Katolika. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta rera maka labarin ɗa mubazzari ko na Ayuba daga farko har ƙarshe da kiɗan tulu, aya bayan aya, saboda a zumunta ta koya, ga ziyarar marasa lafiya, ga sulhunta ma'aurata, ga tarbiyyar amare. Ni a ganina babu wata makarantar addini a Arewa da ta yaye ɗalibai kamar zumuntar nan, illa dai ba ta ba da satifiket. Lijon na Maryamu da aka kafa a Dublin a 1921 ita ma tana da karatunta na mako-mako. 'Yan Karismatik, masu addu'a irin ta 'yan Fentikos a cikin Katolika, da suka faro a Amurka a 1967 suka iso Najeriya a farkon shekarun 1970, su suka sa ɗan Katolika ya fara yawo da Littafi Mai Tsarki a hammata yana ja wa ayoyi layi, fadoci da yawa sun yi ta ɗari-ɗari da su amma sun tare matasa masu yawa da da tuni sun tsallaka cocin Fentikos. Maza kam sai a hankali, taronsu yawanci kuɗin gudummawa ne da maganar fili da wa zai zama ciyaman ran bazar, bikin tara wa coci kuɗi.

Taron bishop-bishop na Afirka a 1994, da takardar da Paparoma ya sa wa hannu a Yawunde a 1995, sun kira Ikilisiya iyalin Allah, suka ƙarfafa ƙananan tarukan unguwa, wato gidaje goma ko sha biyar su riƙa haɗuwa a tsakar gidan wani su karanta bisharar Lahadi su tattauna. Gabashin Afirka sun riga mu tun shekarun 1970, kuma hanyar matakai 7 da cibiyar Lumko ta Afirka ta Kudu ta tsara ita aka fi bi. A nan inda Fada ya sa ido abin yana tafiya, ana canja shi ya zama wurin raba katin harajin coci. Ban da wannan abin da ya rage wa babba shi ne ajin aure na 'yan makonni, da ritirit na lokacin azumi, da Hanyar Gicciye ran Juma'a, da wa'azin minti ashirin da sanarwa ke ninka shi tsawo.

Rashin tsaro ya sake dawo da nauyin kan katikis. A 2014 da Boko Haram suka kama Madagali da Michika da Mubi, farish-farish na dayosis ɗin Maiduguri suka watse, wasu mutanen har sansanin Minawao a Kamaru, kuma a irin wuraren nan sau da yawa katikis ne ya fara tara jama'a su yi addu'a kafin wani Fada ya samu hanyar zuwa. A Zamfara da Katsina da Kudancin Kaduna ma akwai ƙauyukan da ajin yamma ya mutu saboda ba mai yarda duhu ya same shi a waje. Zamanin korona a 2020 ya tura karatun safe da tunanin yini zuwa WhatsApp da Facebook, ya taimaki na birni, amma kusan duka da Turanci ne, ga kuma saƙonnin tura wa mutum goma ka ga mu'ujiza da ke cakuɗe da su babu mai tacewa.

A Mayun 2021 Paparoma Faransis ya mai da aikin katikis hidima ta musamman da Bishop ke naɗa mutum a kai, mace ko namiji. A 2023 kuma aka yanke dayosis ɗin Katsina daga Sakkwato aka ba Bishop Gerald Mamman Musa, Bahaushe, kuma makarantar Malumfashi ta faɗa cikin yankinsa. Sai dai mutumin da aka ɗaukaka a takardar Roma, a ƙauye har yanzu abin da ake ba shi a wata ba ya kai shi ko'ina, da gona yake ciyar da gidansa, littattafan Hausa da ke hannunsa kuma yawanci tsofaffin bugu ne da aka yi ta wa hoto har rubutun ya dushe, kuma a kasafin farish da yawa za ka ga layin siminti da tayil da janareta amma da ƙyar ka ga layin da aka ware don karatun manya.