Ba magani ke koya wa ƙwayar ciwon hanta taurin kai ba

An daɗe ana cewa idan mai ciwon hanta nau'in B ya jima yana shan magani, ƙwayar cutar za ta saba da shi, don haka gara ya riƙa hutawa da shan maganin. Wannan magana tana cutar da mutane, kuma ba haka abin yake ba.

Ƙwayar ba ta da wayon koyon komai. Kwafar kanta take yi a cikin hanta, biliyoyi a rana guda, kuma sinadarin da ke mata kwafin ba ya duba kuskurensa, balle ya gyara. Shi ya sa tun kafin mutum ya haɗiyi maganin farko, jininsa na ɗauke da ire-iren ƙwayar masu ɗan bambanci da juna. Magani tankaɗe kawai yake yi, kamar rariya: masu rauni su zube, wadda kuskuren kwafi ya ba ta kariya ta saura ta hayayyafa.

An ga hakan ƙarara da maganin lamivudine, wanda aka amince da shi don ciwon hanta nau'in B a 1998. Bayan shekara 5, kusan kashi 70 cikin 100 na masu shan sa ya daina yi musu aiki. Magungunan tenofovir da entecavir kuwa suna danne kwafin sosai, ƙwayar ta rasa sukunin tara sauye-sauye. Su ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba da shawara a sha.

A sha yau a tsallake gobe, shi ke buɗe wa ƙwayar fili. Dainawa kwatsam ba da sanin likita ba kuwa, tana iya tayar da ciwon, idanu su yi ruwan ɗorawa, hanta ta gaza.