Reshen ƙungiyar ƙwararru kan gudanar da harkokin gwamnati

Reshen ƙungiyar ƙwararru kan gudanar da harkokin gwamnati wani sashe ne na babbar ƙungiya ta ƙasa ko ta nahiya, wanda ke haɗa mambobin da ke zaune ko suke aiki a birni ɗaya, ko jiha, ko yanki. Yawancin mambobinsa ma'aikatan gwamnati ne na matakai daban-daban, sai malaman jami'a masu koyar da wannan fanni da ɗalibansu, da ma'aikatan ƙungiyoyi masu zaman kansu waɗanda aikinsu ya shafi hidimar jama'a, da kuma tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya. Reshe ya bambanta da ƙungiyar ƙwadago, domin ba ya zama da gwamnati a kan albashi ko sharuɗɗan aiki, ba ya kuma kiran yajin aiki. Abin da ya sa gaba shi ne kyautata aikin kansa, ta hanyar ƙara wa juna sani, da kiyaye ɗa'a, da raino masu tasowa. Uwar ƙungiya ce ke buga mujalla ta shirya babban taron shekara, amma a reshe ne yawancin mambobi ke ganin ƙungiyar ido da ido, kuma kusan dukan aikinsa na sa-kai ne.

Asali da tarihi

Ba a samu irin waɗannan ƙungiyoyi ba sai bayan da aikin gwamnati ya zama sana'ar da ake shiga da cancanta, ba da alfarma ba. A Birtaniya, rahoton Northcote da Trevelyan na shekarar 1854 ya ba da shawarar a riƙa ɗaukar ma'aikata ta hanyar jarrabawa, a kuma yi ƙarin girma bisa ƙwazo. A Amurka, kisan shugaba James Garfield a 1881, wanda wani mutum da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe, ya gaggauta kafa dokar Pendleton a 1883, wadda ta fara raba wasu guraben aikin tarayya da rabon ganimar siyasa. Shekara huɗu bayan haka, a 1887, Woodrow Wilson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, tun yana malamin jami'a, ya wallafa maƙalarsa da ta yi kira a ɗauki gudanar da mulki a matsayin fannin ilimi mai zaman kansa. Da aka sami ma'aikata masu ganin kansu a matsayin ma'abota sana'a ɗaya, sai buƙatar haɗuwa ta taso.

Daga cikin na farko akwai ƙungiyar manajojin birane ta Amurka, wadda aka kafa a 1914 a garin Springfield na jihar Ohio, kuma a yau aka fi saninta da ICMA. A 1924 ta fitar da kundin ɗa'ar aiki, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a wannan fanni. A Landan kuma an kafa Cibiyar Gudanar da Harkokin Gwamnati a 1922, Lord Haldane ya zama shugabanta na farko, ta fara buga mujallarta a shekarar da ta biyo baya, sannan a 1954 aka ƙara mata laƙabin sarauta. Wannan cibiya ta buɗe rukunonin yanki a biranen Birtaniya, tsarin kuma ya ƙetare teku: daga wajen ƙarshen shekarun 1920 ma'aikata a jihohin Ostireliya suka fara kafa nasu rukunonin a ƙarƙashinta, jiha bayan jiha. A wajen 1980 ne waɗannan rukunoni suka haɗu suka zama ƙungiya ta ƙasa mai cin gashin kanta, wadda yanzu ake kira IPAA. Uwar da ke Landan ta rushe a 1992 saboda matsalar kuɗi, alhali rassan da ta haifa a Ostireliya suna nan suna aiki har yau. Wannan yana nuna cewa reshen da ya kafu sosai a wurinsa yana iya rayuwa ko da bayan uwarsa.

A matakin duniya, tarukan da aka fara a Brussels a 1910 su ne suka kai ga kafa Cibiyar Ƙasa da Ƙasa ta Kimiyyar Gudanarwa, IIAS, a Madrid a 1930, hedikwatarta kuma tana Brussels.

Ƙungiyar da ta fi shahara da tsarin rassa ita ce ta Amurka, ASPA. An kafa ta a watan Disamba na 1939 a birnin Washington, a lokacin da gwamnatin tarayya ta faɗaɗa ƙwarai a zamanin shugaba Franklin Roosevelt, kuma daga cikin waɗanda suka tsaya mata akwai Louis Brownlow da Charles Merriam da Luther Gulick, mutum ukun da suka rubuta rahoton 1937 kan gyara tsarin gudanarwa na ofishin shugaban ƙasa. William Mosher na Jami'ar Syracuse ne shugabanta na farko, Leonard White kuma ya zama editan farko na mujallarta, Public Administration Review, wadda ta fara fitowa a 1940. Tun daga farko an so ƙungiyar ta haɗa masu aiki a ofis da masu nazari a jami'a, kuma rassan birane ne suka zama wurin wannan haɗuwa, musamman a manyan biranen jihohi da garuruwan da ke da jami'o'i. Daga baya aka ƙara wani tsari na ɓangarori bisa fanni, kamar kasafin kuɗi da ɗa'ar aiki da kula da agajin gaggawa, saboda haka mamba ɗaya yana iya kasancewa a reshen garinsa da kuma ɓangaren da ya dace da aikinsa.

Kanada ta kafa tata, IPAC, a 1947, tana kuma kiran rassanta rukunonin yanki. Indiya ta kafa tata, IIPA, a 1954, bayan rahoton da masanin Amurka Paul Appleby ya miƙa wa gwamnati a 1953, kuma firaminista Jawaharlal Nehru da kansa ya shugabance ta. Tana da rassa na yanki da na ƙananan wurare. A Afirka, tarukan manyan ma'aikata da aka fara a farkon shekarun 1960, bayan samun 'yancin kai, su ne suka haifar da ƙungiyar nahiyar, AAPAM, a 1971 a Freetown. Ofishinta yana Nairobi, rassanta kuma na ƙasa-ƙasa ne.

Kafa reshe

Ƙa'idojin sun bambanta daga ƙungiya zuwa ƙungiya, amma hanyar kusan ɗaya ce. Wasu mambobi, waɗanda adadinsu ya kai abin da kundin tsarin mulkin uwar ƙungiya ya gindaya, sukan rubuta takardar neman izini, su bayyana iyakar yankin da reshen zai kula da shi, su haɗa da daftarin ƙa'idojinsu da sunayen shugabannin riƙo. Idan majalisar ƙungiya ta amince sai ta ba su takardar shaidar kafuwa. Ƙa'idojin reshe ba sa saɓa wa na uwar ƙungiya, kuma ita ce ke da ikon janye izinin idan reshen ya daina taro ko ya daina aika rahoto.

Shugabanci

Kwamitin zartarwa yakan ƙunshi shugaba, da mataimaki, da sakatare, da ma'aji, da wasu mambobi 'yan majalisa. Rassa da yawa suna zaɓen shugaba mai jiran gado, wanda zai yi shekara guda yana koyon aiki kafin ya karɓi ragama, sannan shugaban da ya sauka ya ci gaba da zama a kwamiti na wata shekarar. Hikimar wannan tsari a bayyane take: wa'adi gajere ne, shekara ɗaya ko biyu, kuma ma'aikacin gwamnati yana iya samun canjin wurin aiki a kowane lokaci, don haka in ba a haɗa mai barin gado da mai jiransa a teburi ɗaya ba, kowane sabon kwamiti sai ya fara daga tushe.

Aikin sakatare ne ya fi kowanne raini a idon mutane, amma shi ne ginshiƙin ɗorewar reshe. Shi ke riƙe da rajistar mambobi, da ajandar taro, da rubutaccen bayanin abin da aka zartar, da takardun banki, a zamanin nan har da kalmomin sirri na adireshin imel da shafukan sada zumunta na reshen. Reshe yakan durƙushe ba don rigima ba, sai don mutum ɗaya da komai ke hannunsa ya yi ritaya ko ya tashi daga garin, ba a miƙa wa kowa takardu ba. Saboda haka ƙungiyoyi ke nanata cewa a ajiye kundaye a wurin da aƙalla jami'ai biyu ko uku ke iya kaiwa gare su.

A ƙasashen da ke bin al'adar Amurka, ana gudanar da taron kwamiti da babban taron shekara bisa littafin ƙa'idojin taro na Henry Martyn Robert, wani injiniyan soja, wanda aka fara bugawa a 1876. Ko ba a bi shi ba, ana buƙatar a fayyace adadin mutanen da dole su halarta kafin a zartar da hukunci, da tsawon sanarwar da za a bayar kafin zaɓe.

Kuɗi

Hanyoyin samun kuɗin reshe kaɗan ne: kason da uwar ƙungiya ke maido masa daga kuɗin da mambobinsa suka biya, da kuɗin shiga taruka, da gudummawar jami'o'i ko hukumomi ko kamfanoni. Ta ƙarshen ce ke buƙatar taka-tsantsan, domin kamfanin da ya ɗauki nauyin walimar reshe yana iya kasancewa mai neman kwangila a ofishin wasu daga cikin mahalarta, kuma dokokin aikin gwamnati a ƙasashe da yawa sun iyakance kyautar da ma'aikaci zai karɓa. Abin da aka saba shi ne a bayyana sunan duk mai tallafi a fili, a sa hannun mutum biyu a kan duk kuɗin da zai fita, a kuma sa wanda ba ma'aji ba ya binciki lissafi kafin babban taro. A Amurka, ƙaramar ƙungiyar da aka yafe wa haraji, wadda kuɗin shigarta a shekara bai saba wuce dala 50,000 ba, tana iya cika gajeren fom mai lamba 990-N ta intanet, amma idan ta yi shekara uku a jere ba ta aika rahoton da ake buƙata ba, wannan yafiyar takan faɗi kai tsaye.

Ayyuka

Babban aikin reshe shi ne taron ƙara wa juna sani, inda ake gayyato wani babban jami'i ko malami ya yi bayani kan wani batu, kamar tsara kasafin kuɗi, ko sayen kayan gwamnati, ko auna ingancin hidima, ko amfani da kwamfuta wajen isar da ayyuka ga jama'a, sannan a buɗe fagen tambayoyi. Darajar irin wannan zama ita ce yana haɗa mutanen da tsarin ofis ya raba: ma'aikacin ƙaramar hukuma da na tarayya, ƙaramin jami'i da babban sakatare, wanda ya rubuta littafi kan wata manufa da wanda ya sha wahalar aiwatar da ita. Domin jami'ai su saki jiki su yi magana, wasu rassa na amfani da Ƙa'idar Chatham House, wadda ta samo asali a wata cibiyar nazari mai wannan suna a Landan a 1927, inda aka yarda a yi amfani da abin da aka ji amma ba a faɗi wanda ya faɗa ba.

Sauran ayyukan sun haɗa da haɗa ɗalibai da ƙwararrun da za su yi musu jagora, da sanar da guraben aiki, da ba da lambobin yabo ga ma'aikatan da suka yi fice. Rassa da yawa kan daidaita bikin lambar yabo da ranar 23 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware a ƙarshen 2002 don tunawa da aikin hidimar jama'a, ko kuma, a Amurka, da makon karrama ma'aikatan gwamnati na farkon watan Mayu, wanda ake yi tun 1985.

Ɗa'a da siyasa

ASPA ta amince da kundin ɗa'arta a 1984, ta sake duba shi a 1994 da 2013, rassa kuma kan shirya zama don tattauna shi. Yawancin waɗannan ƙungiyoyi ba sa ba da lasisin aiki kamar na likitoci ko lauyoyi, don haka hukuncin da ya fi tsanani a hannunsu shi ne korar mamba.

Reshe ba ya goyon bayan jam'iyya ko ɗan takara. A Amurka dokar Hatch ta 1939 ta taƙaita harkar siyasa ga ma'aikatan tarayya, ƙasashe da dama kuma suna da irin wannan tanadi a dokokin aikinsu. Ko ana iya raba siyasa da gudanarwa baki ɗaya, kamar yadda aka fahimta daga maƙalar Wilson ta 1887, batu ne da masana suka daɗe suna saɓani a kansa, kuma masanin Amurka Dwight Waldo na cikin waɗanda suka soki wannan rabuwa tun 1948. Akwai saɓani kuma kan ko ya dace reshe ya fito fili ya kare ma'aikata idan gwamnati mai ci ta matsa musu.

Matsaloli

Ƙorafin da ya fi yawa shi ne ƙarancin masu ɗaukar nauyi, inda mutane kaɗan ke juya muƙamai a tsakaninsu har su gaji. Ɗalibai kan shiga da yawa saboda rangwamen kuɗin rajista, su fice bayan kammala karatu. Akwai kuma tsohuwar tankiya tsakanin malamai da ma'aikata, kowane ɓangare na ganin shirye-shiryen sun karkata ga ɗayan, ga gasa daga ƙungiyoyin da suka keɓanta ga fanni ɗaya, kamar na jami'an kuɗi ko na masu tsara birane, waɗanda wasunsu ke ba da takardar shaidar ƙwarewa da ke taimaka wa ma'aikaci wajen ƙarin girma. Tun annobar korona ta 2020 taruka da yawa sun koma intanet, abin da ya sauƙaƙa wa mambobin nesa halarta ya kuma rage kuɗin haya, sai dai ya sa wasu ƙungiyoyi sake duba iyakokin rassansu, tun da mamba yana iya sauraron laccar wani reshe ba tare da ya bar ofishinsa ba.