Waiwaye: Yadda aka gano ƙaba ba laifin kaya ba ne kaɗai

A kasuwar Mile 12 ta Legas, idan ɗan dako ya wayi gari da kumburi a matsematsi, wanda ke ɓullowa in ya yi tari ya koma in ya kwanta, hukuncin jama'a ɗaya ne: buhun albasa ya fasa shi. To amma ga abokin aikinsa, tare suke sauke tirela shekara da shekaru, shi ko gezau. Wannan bambancin ya daɗe yana ɗaure wa likitocin tiyata kai.

Abin da ke tare hanji a wurin wani tantani ne siriri, wanda Astley Cooper na Ingila ya bayyana a 1804. A shekarun 1880 Edoardo Bassini na Italiya ya fito da ɗinkin da ke jawo tsoka a haɗa ta da jijiyar matsematsi. A 1906 Hamilton Russell ya ce ai tushen ƙaba wata jaka ce da ake haihuwar mutum da ita, wanda gaskiya ne ga ƙabar yara da irin wadda ke gangarawa maraina. Arthur Keith ne a 1924 ya ce a duba lafiyar naman kansa, sai dai maganar ta kwanta kusan shekara hamsin.

Raymond Read ya tayar da ita a 1970. Ya auna tantanin da ke lulluɓe tsokar ciki na tsofaffin sojojin Amurka masu ƙaba, ya same shi ya siranta, alhali nesa yake da ramin ƙabar. A 1981 shi da abokin bincikensa Cannon suka nuna cewa jinin mashaya sigari masu ƙaba na ɗauke da ƙarin sinadaran da ke cin zaren nama, irin waɗanda ke lalata huhu.

Zaren nan shi ne kolajin. Nau'i na ɗaya kauri ne da shi, shi ke ɗaukar nauyi. Nau'i na uku siriri ne, shi jiki ke fara shimfiɗawa a sabon rauni, kamar ɗinkin wucin gadi kafin tela ya hau keke. Masu bincike a Aachen ta Jamus sun samu a shekarun 1990 cewa a jikin masu ƙaba siririn ya ƙaru idan aka kwatanta da mai kauri, har a fatarsu. Tsufa da gado suna taimakawa, haka ma cututtukan Marfan da Ehlers-Danlos masu raunana zaren nama. Jiki kuma ba ya iya murɗa zaren da kyau sai da bitamin C. Kaya, tari mai naci da yunƙurin bayan gida ko fitsari turi suke yi, inda ya riga ya yi laushi nan ke buɗewa.

Wannan fahimtar ce ta bayyana dalilin da ɗinki zalla ke yawan warwarewa: an ja yadi mai rauni an ɗaure da ƙarfi. Francis Usher ya kawo ragar roba a 1958, Irving Lichtenstein kuma ya wallafa sakamakon hanyarsa ta shimfiɗa raga ba tare da jan nama ba a 1989. Ana amfani da mai kimanin santimita 7.5 da 15, a bar santimita 2 ta haye ƙashin mara, domin raga tana tsukewa, in ta yi ƙanƙanta ta nan ƙabar ke dawowa. Ita ma ba ta rasa aibu: wajen mutum ɗaya cikin goma na fama da ciwo mai daɗewa bayan aikin, sau da yawa saboda jijiyar da aka taɓa.

Mai shan sigari ya daina aƙalla mako huɗu kafin tiyata. Garin kolajin da ake tallatawa, da bel, da jiƙo, babu wanda ke rufe ramin. In kumburin ya taurare, ya ƙi komawa, ga ciwo da amai, hanji ne ya shaƙe, kuma cikin sa'o'i hanjin ke iya mutuwa. Kar a jira gari ya waye, a nufi sashen gaggawa na asibiti mafi kusa mai ɗakin tiyata, irin asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja.