Manhajar gwaji ta tafi-da-gidanka: yadda ake raba ta a Blender

Mece ce sigar gwaji ta tafi-da-gidanka?

Manhaja ce da ba a gama gina ta ba, aka ƙunshe ta a matsattsen fayil guda, kamar zip. Ka sauke, ka warware, ka danna, ta buɗe. Ba sai an girka ta a kwamfuta ba, ko daga filashi ma tana aiki. Blender, manhajar zane da katun da aka saki tushenta (rubutun umarnin da aka gina ta da shi) ga kowa a 2002, tana fitar da irin wannan siga kusan kullum.

Me ya sa ba a girka ta kamar sauran?

Don kada ta taɓa wadda kake aiki da ita. Tsohuwa tana nan, sabuwa tana gefe, in ta ɓaci ka goge foldar, shi ke nan. Sai dai a kula: Blender takan ajiye saitinta a wani wuri dabam cikin kwamfuta. Daga siga ta 4.2, idan ka buɗe folda mai suna portable kusa da fayil ɗin manhajar, komai zai zauna a cikinta.

Zan iya ba wani wadda na harhaɗa da kaina daga tushenta?

Ƙwarai kuwa. Lasisin GPL, wanda Blender ke ƙarƙashinsa, ya yarda, da sharaɗin ka ba shi hanyar samun tushen manhajar, har da duk gyaran da ka yi.

Me zan rubuta a jikinta?

Nan ne na fi damuwa. Mutum ya ce "sabuwar ta mutu a hannuna", amma wace sabuwa? Ta jiya da ta yau ba ɗaya ba ce. Kowane gyara yana da lambar shaida a Git, manhajar da ke adana tarihin gyare-gyare, kuma Blender tana nuna ta tare da kwanan wata. Ka saka su a sunan fayil, ka faɗi ko ta Windows ce ko ta Linux. Da wannan lamba ne magina ke bin sawun gyaran da ya jawo matsala. Ka haɗa da lambar SHA-256, wato lambar tantance fayil, don mai karɓa ya tabbatar ba a cusa wani abu a hanya ba.

Zan iya yin aikin kwastoma da ita?

A'a. Tana iya rufewa ana tsakiyar aiki, kuma fayil ɗin da ka adana da ita ba lallai ya buɗe daidai a tsohuwar siga ba. Ka yi gwaji da kwafi.