Ma'anar "Ceto": Me Aka Cece Mu Daga Gare Shi?

Duk wanda ya bi ta Terminus ko hanyar Bukuru a Jos a 'yan kwanakin nan zai ga kalmar a jikin fosta: daren ceto, makon ceto, man ceto. A rediyo ɗan siyasa yana cewa ya fito ne don ya ceto jihar. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa, in suka ce ceto, galibi suna nufin roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar alƙiyama. Na 'yan siyasa bai dame ni ba, kowa ya san yaren kamfe. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ma'anar ta gurɓace a cikin majami'u, har mai bi ya shekara ashirin yana zuwa sujada amma ya kasa faɗin abin da aka cece shi daga gare shi.

Matiyu 1:21 ta ba da amsa tun kafin a haifi Yesu: zai ceci mutanensa daga zunubansu. Bisharar kanta Bulus ya taƙaita ta a 1 Korintiyawa 15:3-4: Almasihu ya mutu domin zunubanmu, aka binne shi, aka tashe shi a rana ta uku. Sauran abubuwa duka daga nan suke fitowa.

A duba Luka 23:39-43 da kyau, domin a can ma'anoni biyu na ceto, wato kuɓuta daga wahala da kuɓuta daga zunubi, suka haɗu a wuri ɗaya. Masu laifi biyu aka gicciye tare da Yesu, kuma dukansu sun nemi wani abu a wurinsa. Na farko ma shi ne ya yi amfani da kalmar, ya ce in shi ne Almasihu ya ceci kansa da su. Abin da yake so a fili yake: a sauko da shi, a cire ƙusoshi, zafi ya tsaya. Bai ce komai a kan laifinsa ba. Na biyu ya tsawata masa, ya yarda cewa hukuncin da suke sha ya dace da aikinsu, ya shaida cewa Yesu bai yi laifin komai ba, sa'an nan ya roƙa a tuna da shi in Yesu ya shiga mulkinsa. Shi aka ce wa yau zai kasance a Firdausi. To, an sauko da shi? Ko kaɗan. Yahaya 19:32 ta ce sojoji suka zo suka karya ƙafafunsu su biyun. Mutumin da aka tabbatar wa ceto daga bakin Yesu kansa ya mutu a ranar, da karyayyun ƙafafu, bai yi baftisma ba, bai ba da zakka ko sau ɗaya ba, hannunsa ma a kafe yake, balle ya sa baiko. Yawancin fostocin da ke bangon garin nan roƙon mutum na farko suke tallatawa.

Ba ina cewa Allah ba ya warkarwa ko ba ya buɗe hanyar abinci ba. Yana yi, kuma daidai ne a roƙa. Amma Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:7-9). In aka auna ceto da lafiya da kuɗi, gwauruwar da ke sayar da gwote a bakin titi za ta koma gida tana zaton Allah ya ƙi ta. Wannan zalunci ne.

Mafi muni shi ne sa wa ceto farashi, a ce "shuka iri" na naira kaza kafin a ɗora maka hannu. Siman mai sihiri ya gwada miƙa kuɗi a Samariya, Bitrus ya ce masa kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:18-20). Afisawa 2:8-9 ta ce ta wurin alheri ne, kyauta ce, don kada kowa ya yi fariya. Wanda yake nutsewa a kududdufin tsohon ramin kuza ba ya ciniki da mai miƙo masa igiya.

Ga masu ba da shawara bayan kiran bagade, wato kiran masu son tuba su fito gaba bayan wa'azi, a nan ake yawan yin kuskure. Mutum ya fito gaba, a sa shi ya maimaita addu'a, a rubuta sunansa, shi ke nan. Kafin addu'a a tambaye shi abin da ya fito da shi. In ya ce ciwo ne ko rashin aiki, a yi masa addu'a a kan wannan, amma kada a rubuta shi cikin sababbin tuba. In nauyin zunubi ne, a buɗe masa Romawa 3:23, 6:23 da 10:9, ya karanta da kansa in ya iya, ya faɗa da bakinsa abin da ya gane. Sa'an nan a haɗa shi da dattijo ɗaya, ko uwa daga zumuntar mata in mace ce, wanda zai ziyarce shi cikin makon, a kuma sa shi ajin baftisma. A gaya masa tun farko cewa ruwan baftisma shaida ce a gaban jama'a, bangaskiya ga Almasihu ce take ceto.

Ayyuka kuma fa? Afisawa 2:10 ta sa su bayan ceto, a matsayin 'ya'yansa. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya shiga gidansa, ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu (Luka 19:8). Don haka in sabon mai bi yana riƙe da filin marayu ko kuɗin adashin mutane, dattijon da ke bin sa ya zaunar da shi su yi lissafi, su tsara yadda zai biya.